Autana da Keken da Ba Ya Tsayawa Gaisuwa

Ni na koya wa autana sauka daga keke, kuma har gobe ban ga laifina ba. Tun shina ɗan mitsitsi, ƙafarshi ba ta kai feda sai ya zura ta ƙarƙashin ƙarfe, na gaya mashi in ya hangi babba a hanya ya taka birki, ya sauka, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ja kekenshi. Haka munka taso munka gani a Sabon Birni. Yaron da ya wuce dattijo bisa keke shina ɗaga hannu kamar mai neman ƙuri'a, kafin ya kai gida labari ya riga shi, kuma uwarshi za a zaga.

Ubanshi ya rasu ya bar mashi tsohon keken da ake kai gero kasuwar Isa da shi. Da wannan jibgegen ƙarfen ya shiga gasar makarantu a Sakkwato ya bar kowa a baya. Wani koci daga Sakkwato ya gan shi, ya biyo shi har zaurenmu, ya kawo mashi wani keke da nika iya ɗagawa da hannu ɗaya, tayoyinshi sirara kamar igiyar guga. Akwai hular kwano mai tsini ta baya, da takalmin da ke maƙalewa a feda, da wani matsattsen wando. Wandon nan na ce ba za shi ratsa unguwa da shi ba sai da jallabiya a sama, in ya fita gari ya tuɓe.

Kocin ya zauna ya yi mani bayani. Ya ce, "Inna, wannan ba tseren da ake tashi gaba ɗaya ba ne. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin su, kowa shi kaɗai, shi da agogo. Wanda ya ci lokaci mafi ƙaranci shi ya yi nasara." Ya ce za a yi na matasa 'yan ƙasa da sha tara a wata ƙasa, yaran ƙasashe da yawa za su zo, kuma gurbi ɗaya ya rage a cikin namu. Bayan kaka za shi dawo ya gwada auta a kan kwaltar Isa. In ya kai lokacin da ake nema, za shi shiga jirgi. In bai kai ba, akwai wani yaro da ke jiran keken.

To ni da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da jikoki na koyi karanta agogo, don haka ba mai yi mani wayo da lambobi. Kullum da safe auta ya fita, ya dawo ya nuna mani waya. Da safe ne kawai, don kowa ya san ba a wasa da hanyar nan bayan la'asar. Yaro shina cin tuwo kamar mutum uku, cinyoyi sun yi kamar taɓarya, amma lambar ta ƙi sauka. Kocin shina kira shina faɗa, shi bai gane ba, a Sakkwato yaron nan iska ne.

Rannan na ɗauki gyalena na tsayar da ɗan kabu-kabu, na ce bi mani yaron can, kada ka bari ya gan mu. Da ƙyar babur ya riƙe shi. Ina cikin jin daɗi sai na ga ya miƙe zaune, ya murɗe ƙafa ya cire takalmi daga feda, ya sauka. Liman ne ke dawowa daga gona. An tambayi kwana, an tambayi gajiya, an tambayi mutan gida, har da ni da ke laɓe bayan ɗan kabu-kabu an tambayi lafiyata. Ya hau. Bai yi nisa ba ga tsohon da ke sai da rake. Ya sauka. Gaba kaɗan wani dattijon Bafulatani da shanunshi, nan ma sai da anka tambayi shanu. Sannan gindin tsamiya, inda wan ubanshi ke shimfiɗa buzu kullum a bakin gonarshi. Wurin Baffa kam har ƙasa, ga hular kwano ga wandon nan.

Da ya dawo na tare shi a tsakar gida. "Kai Auta, mi kaka yi a hanya?"

"Gaisuwa, Inna. Ke kinka ce."

"Na ce, kuma ban janye ba. Amma ba ka iya buɗe baki ka gaya wa kocin?"

"In ce mashi mi? Shi bai san ana gaisuwa ba?"

In na ce ya daina, na rushe abin da na gina da hannuna. Sai na ga ba shi ne za a roƙa ba, masu gaisuwar ne. Na bi su ɗaya ɗaya. Liman ya yi dariya har rawaninshi ya karkace, ya ce ya yafe, Allah ya ba da sa'a. Mai rake ya ce ya yafe in za a kawo mashi tsaraba daga waje. Bafulatanin ya ce shi dama bai taɓa cewa a sauka ba, hular nan ma tana firgita mashi maruƙa.

Saura Baffa. Na durƙusa nesa da buzun, na gaishe shi yadda ya kamata, na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ko dube ni ba.

"Kin yi boko da tsufa, shi ne kinka zo ki sake muna tarbiyya?"

"Yaya, bokon da na yi agogo ya koya mani. Ga ni durƙushe gabanka."

"Ɗan ƙanena ya wuce ni kamar ƙurar mota? Ina raye?"

"To ya zo da asuba da ƙafa ya gaishe ka, ta wuni duka."

"Gaisuwar asuba ta asuba ce. In ya sake gani na, wata ce sabuwa."

Na ce to ya koma cikin gona ranar gwajin. Ya ce tsamiyar nan kakanshi ya shuka ta, ba keken da zai tashe shi. Na taso ina tafasa. Da wani ne da ya ji bakina, amma wan miji ne, kuma tun rasuwar ƙanenshi bai taɓa bari rumbunmu ya ga ƙasa ba.

Ana gobe gwaji kocin ya iso. Shina nuna wa auta bidiyon yadda ake tashi, na leƙa. Sai na ga wani mutum tsaye bayan mai keke, ya riƙe sirdi da hannu biyu. Na ce wannan fa? Ya ce ai tunda ƙafafu a maƙale suke, dole wani ya riƙe keken har a gama ƙirga. Ba ya turawa, ba ya ja, saki kawai zai yi. Na ce dole sai ma'aikaci? Ya ce a gwaji irin namu kowa ma ya yi, in dai hannunshi ba ya rawa.

Ban ko sa takalmi daidai ba na koma gindin tsamiya. Na ce, "Yaya, an ce sai babba a dangi ya riƙe keken ya sallami yaro. In ba za ka iya ba sai in nemi liman." Na ɗan ƙara gishiri, na sani. Ya ce liman ɗin mi, shi ya mutu ne?

Da safe ya zo da babbar rigarshi ta Juma'a. Anka ja layi da toka a kan kwalta. Auta ya durƙusa ya gaishe shi tsaf, agogo bai fara ba, ko sisin lokaci ba mu yi asara ba. Baffa ya naɗe hannayen riga ya kama sirdi. Kocin ya ƙirga da yatsu har sunka ƙare, Baffa ya saki kamar wanda ya shekara shina yi. Yaro ya tafi. Ni kuwa ina ta yaba wa kaina.

Abin da ban lissafa ba shi ne zuwa da dawowa ne. Zai kai wata gada ya juyo, ya ƙare a kan layin tokar nan. Ga Baffa tsaye daf da layin, hannu a baya, shina karɓar barka daga mutane. Can munka hango tsinin hula. Shina tafe kwance bisa keke, ƙafafu ba a ganin su. Kocin ya duƙa a kan agogo shina cewa zai yi, zai yi. Sai na ga kan yaron ya ɗago. Ya ga Baffa. Ya fara miƙewa, yatsunshi sun nufi birki.

Na buɗe baki, amma na san ko na tsage maƙogwaro ba maganata ce za ta yi aiki ba. Na juya na dubi tsohon nan. Shi ma ya gani. Ya dubi yaron, ya dubi kocin da ya dafe kai. Sai ya fizge hularshi ya shiga kaɗa ta sama.

"Wuce! Kai, wuce, ɗan nema! Wa ya ce ka tsaya? Taka!"

Auta ya sake kwantawa ya ratsa toka, iskarshi ta ɗaga babbar riga. Kocin ya daɗe shina duban agogo. Ya ce, "Inna, da ƙyar. Amma a nemo mashi jaka."

Ranar gasar a waya munka kalla, mu da rabin unguwa, a zaurenmu. Bai zo kusa da na farko ba, yaran can wasunsu tun suna shan nono ake horar da su. Ya dai bar wasu a baya, kuma na ga an rubuta sunan ƙasarmu kusa da nashi, da kaina na karanta ba wanda ya karanta mani. Baffa ya sa an maido mashi wurin tashi har sau nawa, shina matso da ido. Daga ƙarshe ya miƙa wayar ya ce, "Wancan mai riƙon bai iya ba. Kun ga yadda keken ya karkace? Da sun tahi da ni, da ba haka ba."