Kwarashi a Hannun Hagu

A shekarar da nake da cikin 'yata ta fari, malamar asibiti ta hana ni duk wani aiki mai nauyi. Na yi ɓari sau biyu kafin nan, shi ya sa da ta gama duba ni ta kira maigidana ta faɗa masa a gabana: ba daka, ba jan ruwa, ba sunkuyo a gona. Ga shi kuwa kaka ta yi. Ƙauyenmu yana kusa da Tofa, gonaki har bakin dangar gida. Kullum da safe matan gidan su fita roron wake, a bar ni a gindin darbejiya ni da kaji. Ba wanda ya taɓa yi mini gori, amma in suka dawo a gajiye suka ɗora tukunya, kunya takan hana ni cin abincin da daɗi. Zaman kaɗaicin kuma ba abin da yake kawo mini sai tunanin kada wannan cikin ma ya zube.

Ƙanwar surukina, wadda duk muke kira Gwaggo, ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta. Ciwon gwiwa ya hana ta gona. Wata rana da hantsi ta fito daga ɗakinta da tsohuwar rigar sanyi mai ruwan ganye, ta jefa mini a cinya.

"Warware mini wannan, 'yar nan. Ki bi zaren a hankali, kada ki tsinka."

Kwana biyu na yi ina warwara. Ta jiƙa ulun a ruwan ɗumi ya miƙe, muka shanya, muka dunƙule. Sannan ta ciro kwarashi biyu daga cikin gwangwanin madara, ta miƙo mini ɗaya. Ta ce a asibiti ta koyi saƙa, wajen wata mai jinya, lokacin da ta yi wata huɗu tana jinyar mijinta a birni.

Ta zauna a gefena ta fara nuna mini sarƙa, wadda ita ce tushen kowace saƙa. Na yi, na yi, abu ya ƙi. Zaren ya suɓuce, kwarashin ya faɗi, har na ce mata ta haƙura, kaina ba ya ja. Sai ta kalli hannuwana, ta tambaye ni.

"Da wane hannu kike yanka albasa?"

"Da hagu, Gwaggo, in ba kowa a wurin."

Tun ina ƙarama ake bugun hannun nan, har na saba ɓoye shi.

"Ci da sha ne na dama," in ji ta. "Kwarashi ba ruwansa. Mayar da shi can."

Ta ja tabarmarta ta dawo gabana, gwiwa da gwiwa, ta ce in riƙa yin abin da na ga tana yi kamar ina duba madubi. Kafin azahar na yi sarƙar da ta kai tsawon kamu uku. Bayan sarƙa ta koya mini wadda take kira gajera, sai doguwa, wadda ake naɗa zare a kan kwarashi kafin a soka. Ba ta yabo. In na yi kuskure sai ta sa yatsa a wurin, ni in zare in sake. Amma da yake sai na ƙirga kowane idon saƙa, kaina ya daina zuwa inda yake zuwa. Sai in ji kiran la'asar ban san rana ta yi nisa ba.

Abin da na fara gamawa hular jariri ce. Ina jan zare da ƙarfi, don haka ta fito 'yar mitsitsiya, ko dunƙulen hannuna da kyar ya shiga. Na kama bakin zaren zan warware, Gwaggo ta riƙe ni.

"Bar ta. Ta farko ba a warware ta. Ki yi wata, ki saki hannunki."

Na jefa ta cikin jakar kayan haihuwa ba don ina so ba.

Naƙuda ta zo mini cikin bai cika wata takwas ba. Aka kai ni birni a motar wani maƙwabcinmu mai kai hatsi Dawanau. Yarinyar ta zo da rai, amma ƙarama ƙwarai, kuka ma da kyar ake jin sa. Malaman asibiti suka ce in riƙa ɗora ta a ƙirjina, kuma kada a bar kanta a buɗe. Duk hulunan da aka saya suna rufe mata har hanci. Mahaifiyata ce ta zazzage jakar ta ga 'yar hular nan, ta sa mata, ta zauna daram. Ita ta sa har muka yi sati uku aka sallame mu. Da muka dawo gida na tarar Gwaggo ta saƙa safa da riga daidai jikin yarinyar, wai mahaifiyata ce ta aiko mata da awo da tsinken tsintsiya.

Bayan na gama wanka na je ɗakinta musamman don in yi godiya. Na durƙusa, na fara magana, sai hawaye. Ta ce, "Allah ne ya raya ta, ni zare kawai na ba ki. Tashi ki ba yarinya nono."

Shekara shida muka ƙara yi tare. Yanar ido ta rufe mata gani, amma ba ta daina saƙa ba, da yatsa take laluben idon saƙar, ni kuma in zaɓa mata launi in gaya mata wanne ne a hannunta. Wani lokaci in zo da sabon samfuri da na gani a waya, in kwatanta mata da baki, ta shafa nawa ta ce, "A nan kin tsallake ɗaya." In na duba sai in ga haka ne.

Ta rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Yau kusan duk jaririn da aka haifa a unguwarmu da rigar da na saƙa ake fita da shi ranar suna, 'yata kuma tana aji biyu a sakandare, ta fi ni tsawo. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka makwancinta.