Ambulan ɗin da Na Buɗe

Bayan na gama kwaleji a Azare, na nemi jami'a a Gadau ta karɓi darussan da na yi, in fara daga aji biyu. Kwalejin ta ba ni sakamakona a ambulan mai hatimi, aka ce kada in buɗe. Tsoron faɗuwa ya sa na kara shi a tururin buta, na leƙa, na liƙe da ƙaro.

Da na kai jami'ar, malamin rajista ya shafa bakin ambulan ɗin. "Wa ya taɓa wannan?"

Na ce, "Ruwan sama ne, Malam."

"Da rani?" Ya turo mini abina.

Aji ɗaya na koma. Har yau ina istigfari kan wannan ƙaryar.