Shekarar da na yi renon ƙuduji

A cikin garin Karaye na tashi, kuma babanmu tela ne. Abin da na sani game da gona bai wuce wanda muka rubuta a jarrabawar sakandare muka manta ba. Da aure ya kawo ni Tudun Kaya, gidan manoma, na zo da kwanuka da akwatuna da jahilci mai yawa.

A daminata ta farko, muna dawowa daga barka ni da surukata, wadda kowa ke kira Inna, na hango wani fure ruwan hoda ya rufe gindin dawa a wata gona, kamar an shanya atamfa. Na ce, "Tabarakallah! Inna, mai gonar nan ya iya ado."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ado? Allah ya raba mu da irin wannan ado. Ƙuduji ne."

Na ɗauka tsufa ne ya hana ta ganin kyau. Na sunkuya kamar ina gyara takalmi, na tuge guda ɗaya na ɓoye cikin hijabi.

A tsohon bokiti na dasa shi, bayan ɗakina. Ruwa safe da yamma, ga kashin awaki, har inuwa na yi masa da faifai. Kwana uku ya mutu. Na sake samo wani, shi ma ya bi sahu. Abin da maza ke wuni suna tugewa yana dawowa, ni ina lallashinsa yana ƙi na.

Wata Bafulatana mai kawo mana nono daga wajen Rogo Ruma ce ta warware mini. Ta leƙa bokitin ta yi dariya. "Amarya, wannan ba ya cin guminsa. Sai ya kama saiwar dawa yake rayuwa."

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa tausayinsa ne ya kama ni, na ce ashe maraya ne, uwa yake nema.

Da damina ta zagayo, na ɗebo ƙasar waccan gonar a leda, na zuba a gindin dangar gidanmu, na shuka dawa rami huɗu. Bayan dangar nan kuwa gonar surukina ce, Baba, inda yake shuka irin dawar kaura da ya gada daga mahaifinsa. A duk gonakin gidan ita kaɗai ƙuduji bai taɓa kamawa ba.

Marayana ya fito, ya yi fure har ya fi na daji. Dawar dai ta tsaya iya gwiwa, ganyenta kamar an babbaka. Na gani, na kau da kai.

Wata safiya Baba ya shigo gyaran danga. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, ita ma a durƙushe, don haka na shige ɗaki na saki labule. Ashe idonsa ya faɗa kan furen. Can sai ya ɗaga murya, wai da matarsa yake.

"Innar yara, ashe baƙo muka yi ba a gaya mini ba? Tun ina saurayi nake tare shi a bakin gona, ashe ta ɗakin amarya zai shigo."

"Ai har ruwa ake ba shi, Malam, safe da yamma."

"Madalla. Ni da na haifi mijin ma ban sami wannan gata ba."

Da ya fita, Inna ta kira ni. Ta nuna mini ƙananan kwanso da suka fara ɗaurawa a ƙasan furen. "Idan waɗannan suka bushe, irin da ke ciki ya fi garin barkono laushi. Iska ɗaya ta haura da shi dangar nan, jikokinki ma sai sun tuge shi."

Ban jira maigidana ya dawo ba. Na tuge furen da dawar, na kankare ƙasar, na tura komai cikin murhu. Na yi hawaye, na ce hayaƙi ne.

Daminar da ta biyo baya ita ce mafi tsawo a rayuwata. Kullum bayan sallar asuba, gari na wayewa, sai na leƙa gonar Baba ta ramin danga, ina roƙon Allah kada ya nuna mini furen da bara na roƙe shi ya fito. Alhamdu lillahi, bai nuna mini ba.

Da kaka Baba ya aiko Inna da zangarniyar kaura guda, da saƙo: "A ce mata in reno take so, ga wanda ake ci."

Har yau ina shuka ta a gindin dangar nan. Idan kuma na wuce gonar da ƙuduji ya yi fure, nakan ce "Allah ya raba mu" da ƙarfi yadda za a ji. Tabarakallah ɗin a zuci nake yinsa.