Gemun da Laouali ya ja

Kullum bayan sallar asuba nakan tarar da Laouali a matattakalar gidanmu na unguwar Manfuha a ƙasar Larabawa, yatsa a kan wani tsohon littafin Indiya. Haruffan a rataye suke kamar shanya a igiya. Bamaraɗe ne, tare muke lodi a wani sito a Sulay. Boko bai yi ba, amma ga shi yana haɗa baƙin Indiyanci.

Shambu, direban injin ɗaga kaya, shi ya ja masa. Lokacin cin abinci yakan ba mu labarin littafin da guntun Larabcinsa: ɗan sarki, gimbiya, gidan sihiri, da hatsabiban da ke sauya kama su zama kowa. Ya ce a ƙasarsu kakanni sun koyi karatu don wannan littafi kaɗai. Ni shinkafata nake ci. Sai Shambu ya koma gida, ya bar gimbiya a kulle a tsakiyar labari, ya bar wa Laouali littafin.

Tun daga nan Laouali ya daina yarda da fuskar kowa. Mamane, ɗan ɗakinmu, ya ƙara dagula shi. Ran nan ya sa farar jallabiya da jan ƙyallen Larabawa, ya manna gemun auduga, ya daka masa tsawa kamar jami'i mai neman katin izinin zama: "Iƙama!" Laouali ya tsallake katanga. Muka yi sati muna dariya.

Ranar da za a sabunta masa kwangila, wani dogo mai gemu ya shigo sito, ya ce, "Iƙama."

"Mamane, ɗan banza, yau ƙaryarka ta ƙare!" in ji Laouali, ya cafki gemu ya ja.

Gemu bai fita ba. Ya ƙara ja. Can na hango Mamane a bayan kwalaye, ya ɗora hannu a ka. Ashe mai gemun ƙanin kafil ubangidanmu ne, mai sa hannu a kwangilar.

Na ce shi ke nan, sai Maraɗi. Na yi ta ba shi haƙuri, "ma'alesh, ma'alesh", har bakina ya bushe. Mutumin dai bai kore shi ba. Ya ce a kai shi aikin gini Dir'iyya, cikin rana, inda ba kowa sai Indiyawa.

Da motarsu ta zo ɗaukarsa, wani a ciki ya ga littafin, ya washe baki zai gaya masa yadda gimbiya ta ƙare. Laouali ya danne littafin a hammata, ya toshe kunnuwa da yatsu, ya hau mota a haka.