Wa Zai Danna Ƙwaurin Auta, Mai Usur?

Wanda ya ba ka aron rai ya karɓi abinsa ranar Talatar makon jiya, Baba Mai Usur, bayan gajeriyar jinya. Nasa muke, wurinsa kuma za mu koma. Ina kan keken ɗinki labarin ya iske ni, ƙafata ta tsaya cak. Na yi salati, na yi maka addu'a, amma ba zan ɓoye maka ba, tunanin da ya biyo baya na Autanmu ne da ƙafarsa ta hagu.

Tagar shagona tana kallon filin da ka tsufa kana horar da masu tsere. Ta nan na fara saninka, kana ɗingishi a bakin layi, usur a wuya, tun kafin ƙanen nan nawa ya zama ɗalibinka. Ban taɓa ganin mai horarwa irinka ba. Kafin kowa ya taka fili sai ya miƙo maka hannu, ka ɗora 'yar takarda a bayansa. In ta yi rawa, ka san ya ɗirki gahawa ko lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari fiye da kima, sai ka nuna masa benci. Ba ka taɓa yi musu ƙaryar cewa gahawa ba ta da amfani ba. Kana cewa kaɗan tana wartsakar da mutum, ta rage masa jin gajiya, amma in ta yi yawa zuciya ce ke gudu, ba ƙafa ba.

Daga hannu sai ƙafa. Duk mai tsohon ciwo sai ka durƙusa ka danna wurin da babban yatsa. Wanda ya ce "wash!" ka yi dariya, ka auna masa abin da zai iya a ranar. Wanda ya yi shiru kuwa ya shiga uku, don ka gane ya haɗiyi maganin kashe zafi. Har tsokanarka nake yi daga taga, ina cewa ban taɓa ganin mugun da ke murna da ihun mutane irinka ba. Ran nan ka shigo in gyara maka wando, ka buga ƙafarka mai ɗingishi ka ce, "Tela, wannan da hannuna na kashe ta. Ƙashi ya tsage yana kirana, na rufe masa baki da ƙwaya, na shiga tsere. Ƙwayar ba ta ɗinke komai ba, kunnena kawai ta toshe." Daga ranar na daina tsokanar.

Alherinka ba a fili ya tsaya ba. Kai ka goya wani ɗalibinka a bayanka har bakin titi ranar da ya yanke jiki ya faɗi, da ƙafar taka ɗaya da rabi. Lokacin da ƙwaurin Auta ya fara kumbura, kai ka raka shi asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, likita ya ce ya huta. Auta ya yi fushi, ya daina gaishe ka, kai kuwa kullum sai ka leƙo shagona ka tambaye ni ya jikinsa. A duniyar nan maganarka kaɗai yake ji. Ni da na raine shi bayan rasuwar mahaifinmu, in na yi magana sai ya ce, "Yaya, ɗinki ka sani."

To ga halin da ka bar mu. Babban tseren da ya daɗe yana jira ya ƙarato, ya kuma rantse zai yi shi saboda kai, wai ya ɗauko lambar yabo ya kai wa iyalinka. Na ce masa ba wannan ne zai faranta maka ba, ya ce tsoro ne ya yi mini yawa. Gaskiya ne, tsoro nake ji. Tsoron nake ya dawo mini yana jan ƙafa har ƙarshen rayuwarsa. Barci ba ya yi masa daɗi, kofin shayi yana karkarwa a hannunsa, kwandon sharar ɗakinsa cike da gwangwanaye.

Jiya da safe yana ɗaure takalmi a ƙofar shago, na ajiye almakashi na durƙusa a gabansa kamar yadda na sha ganin kana yi. Na nemo wurin, na danna da iyakar ƙarfina. Baba, murmushi ya yi mini. Ya ce, "Ka gani, Yaya? Na warke." Ni kuwa ba ni da usur, ba ni da bencin da zan nuna masa. Ina durƙushe ya wuce fili.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa ƙafafun da ka tsare su zame maka shaida ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka da 'ya'yanka da ɗalibanka, Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Akwai kuma addu'a ɗaya da ban taɓa zaton za ta fito daga bakina ba, ita nake ta maimaitawa tun jiya: ya Allah, in na sake danna ƙafar ɗan'uwana gobe, ka sa ya ji zafi, ka sa ya ce wash.