Mai Askin da Ke Barin Rabin Kai

Shekara goma sha tara yana aski a shago ɗaya, mai kujera biyu da tsagaggen madubi. Hannunsa ba shi da na biyu, amma masu zuwa shagon sun laƙa masa suna Ina-Zuwa. Yana tsakiyar aiki sai ciki ya murɗa, ya dire inji, ya ce, "Ina zuwa," ya bar mutum da rabin kai yana zare ido.

Ya sha maganin gyambon ciki, ya sha na tsutsa har sau uku. Ya rame, bel ya ƙare huji. Zama ya gagare shi. Ko babu kowa sai ya share gashin da ya riga ya share.

Yayarsa ce ta tisa shi gaba zuwa babban asibiti, da takardun gwajinsa cike da leda. Likitar ta baje su a tebur, ta daɗe tana bin layi ɗaya da biro.

"Wannan adadin na gwajin jini ya hau a kowace takarda. Ba wanda ya gaya maka?"

"Cewa suke tsutsa ce."

Aka zura masa siririn bututu mai kyamara ta baki, aka tsinko ɗan nama. Kwana goma ya yi kafin sakamako ya fito, yana duba waya kamar mai jiran haihuwa.

Likita ta ce wasu ƙwayoyin jini ne da ke yaƙar tsutsa suka taru a bangon hanjinsa suna kumbura shi, alhali babu tsutsar. Ciwon ba kasafai ake ganinsa ba.

"Wato sojojina ne suka juyo kaina?"

"Kusan haka."

Ta ba shi maganin rage kumburi, ta hana shi madara, ƙwai, alkama, gyaɗa da kifi.

"To me ya rage, likita? Iska?"

"Rufe mana baki," in ji yayar.

Maganin ya ciko masa kumatu, ya ƙara masa rashin zama, amma murɗar ta lafa. Aka riƙa dawo da abincin ɗaya bayan ɗaya. Ranar madara, kafin azahar ya gane mai laifin.

Yanzu baƙin shayi yake sha, yana mita. Duk wata uku yakan koma a ɗebi jininsa, kuma har yau tun kafin a buɗe ƙofa yake isa, yana kai da kawowa a baranda.