Baba Hussain Mai Labarin Bolton

Baba Hussain bai taɓa taka ƙasar Ingila ba, amma duk kasuwar Ataba babu wanda ya kai shi sanin tarihin kulob ɗin Bolton. Bahaushen Sudan ne, haifaffen Atbara, amma zama ya kai shi babban birnin ƙasar da ke arewa da tasu, inda kasuwar take. Mahaifinsa ya yi aikin jirgin ƙasa a ƙarƙashin wani Bature ɗan Bolton, mutumin da ba shi da hira sai ta ƙwallon garinsu. Uban ya riƙa kwaso labarin yana kawowa gida, ɗan ya tashi da shi kamar tatsuniya.

Rigunan ƙwallo yake sayarwa a wani lungu mai duhu. In kasuwa ta lafa, sai ya ba samari labarin yadda Bolton ta ɗauki kofi sau uku tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, ta faɗa ƙaramin rukuni ta sake hawowa, sannan a 1939 'yan wasanta suka shiga soja tare, kyaftin ɗinsu bai dawo ba. Inda ya fi daɗewa shi ne wasan ƙarshe na 1923. Jama'a sun fi ƙarfin filin, suka haura shinge suka malala har inda ake buga ƙwallo. Baturen yana cikinsu, ya ce an daɗe ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, taro ne ke ɗauke da shi. Samari su yi dariya. Shi ba ya yi, sai dai ya ce Allah ne kawai ya tsare ranar.

Daga 2011, shekarar juyin juya hali a ƙasar, ya lura masu sayen kayansa sun sauya. Sun rage ciniki da raha, suna magana ƙasa-ƙasa. Bayan rikicin da ya halaka 'yan kallo da yawa a filin ƙwallon Port Said, wasu da ya saba gani ba su ƙara zuwa ba, waɗanda suka zo kuma baƙar riga suke tambaya. Aka hana 'yan kallo shiga filaye. Baba Hussain ya ce hakan bai kwantar masa da hankali ba, don ruwan da aka tare, ranar da ya samu kafa ba ya fita a hankali.

'Yarsa Mahasin tana auren Hadi, wani tela ɗan Damagaram, suna zaune tare da shi a unguwar Hadayek el-Maadi. A farkon 2015 aka ce za a bar mutane su shiga wani wasa, Hadi ya shirya zuwa da abokinsa Amjad. Surukuta ta hana tsohon yi masa magana kai tsaye, sai ya bi ta wurin 'yarsa. Hadi ya zo ya durƙusa ya ce, “Ma'alish Baba, ka yi haƙuri, in mun ga cunkoso za mu juyo.”

“Wanda ke cikin cunkoso ba ya ganinsa,” in ji Baba Hussain.

Ranar wasan bai buɗe shago ba. Bayan magariba talabijin ta fara nuna hayaƙi mai sa hawaye da wata matsattsiyar hanya ta ƙarfe a bakin ƙofar filin, mutane cushe a cikinta. Mahasin tana ta kiran waya, ba a ɗauka. Washegari da hantsi wasu samari suka kawo Hadi, ba takalmi, haƙarƙari biyu a karye. Amjad sai a ɗakin ajiye gawa aka same shi.

Hadi ya warke ya koma kan keken ɗinkinsa, amma har yau ba ya shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in ya cika. Baba Hussain ya sallamar da sauran rigunan ga wani maƙwabcinsa, ya koma sayar da safa da singileti. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi kafin shekarar ta fita, Hadi ne ya yi jinyarsa har ya rasu.